Hutun Baffa Mai Aski

Baffana mai aski ne, ya tsufa yana kallon ƙeyar mutane. Duk shekara sai ya rufe shago, ya ɗauko hayar babur, wai zai zaga hamada da tsaunuka ya huta da gashi. Amma almakashi ba ya barin aljihunsa. Duk ƙauyen da ya tsaya, kafin injin ya huce ya zaunar da wani a kan jarkar mai.

Bana ya dawo da ƙura har cikin kunne. Matarsa ta miƙa masa ruwa, ta ce, "Malam, ka dai ga babban tsaunin?"

Ya shanye ruwan tukuna.

"Na hango shi ta bayan kunnen wani makiyayi. Sanƙo ne, babu aiki a kansa."