Kujerar Gaba ta Motar Hajiya

Sana'ata ɗinkin roba ce. Haka muke kiranta a unguwarmu ta Zongo, ko da yake babu allura babu zare. Motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome yawancinsu sun tsufa tun a Turai, in suka iso nan kuma rana da iskar teku su ƙarasa su. Robar gaban mota, wadda muke kira tabalo, ita ke fara tsagewa, sai mariƙin ƙofa ya biyo baya. Nawa shi ne in sa ƙarfe mai zafi in narka bakin tsagar, in binne 'yar ragar waya a ciki, in cike, in goge da sanfefa, in fesa fenti. Rumfata tana jingine da garejin wasu masu gyaran birki.

Wata damina da ruwa ya yi ta zuba har kwatocin unguwa suka cika, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo mini motarta. Haifaffiyar Zongo ce, aure ya kai ta unguwar Djidjolé. Da kanta take tuƙi. Motar tsohuwa ce mai ruwan toka, amma an kula da ita.

"Ƙanena, sayar da ita zan yi," in ji ta. "Amma duk wanda ya leƙo ya ga wannan, sai ya ja baya."

Na leƙa. Tsagar tana daidai gaban kujerar mai zaman banza. Ba irin doguwar tsagar da rana ke yi ba ce. Daga wuri ɗaya ta taso ta bazu sama kamar yatsu, robar wurin kuma ta yi santsi, ta ɗan lotsa. Akwai alamar tsohon gyara a kai.

"An taɓa ɗinke ta," na ce.

"An ɗinke a unguwar Tokoin. Kafin sati ta sake buɗewa. Na mayar, mai gyaran ya ce in kai wa wani." Ta gyara mayafinta, idonta na kan kujerar. "Nan Innata take zama. Tsoron mota gare ta. Da na tada inji sai ta dafa nan, ta yi ta salati har mu isa. Bayan babbar Sallah Allah ya yi mata rasuwa."

Na yi mata ta'aziyya. Ta bar mini makulli, ta tare zemijan, wato mai babur, ta tafi kasuwa.

Bayan azahar na fara aikin. Rana ta fito tarwai bayan ruwan safe, masu birki suna ta ƙwanƙwasa ƙarfe, rediyonsu yana kiɗa. Babu abin da zai sa mutum ya tsorata. Na buɗe ƙofar gaba na zauna a kujerar kamar yadda nake yi a kowace mota.

Ban iya jimawa a zaune ba. Kujerar da ɗumi, alhali motar tana inuwa tun safe, kuma ɗumin ba na rana ba ne, irin wanda mutum ke bari in ya tashi ne. Wata kunya ta lulluɓe ni, kamar na shiga ɗakin surukata ba sallama. Na fito da sauri, na shimfiɗa kwali a ƙasa, na durƙusa a bakin ƙofa, na miƙa hannu daga nan.

Roba in ta ji wuta wari take yi mai ɗaci, mai sa hawaye. Na saba da shi. Wannan da ƙarfena ya taɓa ta, sai ƙamshin man kaɗanya da kanumfari ya taso. Na ce wa kaina ba abin mamaki ba ne, hannun da ya shekara yana dafa wuri dole ya bar mai a jikinsa. Na ci gaba. Na narka bakin tsagar, na daidaita lotsawar har wurin ya kwanta sumul. Na juya zan ɗauko ragar waya daga akwatin kayana.

Sai na ji motar ta yi ƙara, ta ɗan sunkuya ta ɓangarena, kamar yadda take yi in mutum ya gyara zama.

Na waiwayo. Babu kowa a kujera. Amma a kan robar da na daidaita yanzun nan, wadda ko hucewa ba ta yi ba, ga shaidar tafin hannu. Ƙaramin hannu ne, ɗan yatsa ɗaya a karkace. Na duba nawa hannun, na san ba shi ba ne. Robar tana da zafin da za ta sale fatar mutum.

Na so in kira masu birki, suna nan kusa, ina jin dariyarsu, amma me zan ce musu? Na karanta abin da ya zo bakina. Ƙarfen yana ta hayaƙi a hannuna. Daga nan ban san abin da ya sa ba, sai na ji kaina ina magana a hankali, yadda zan yi wa tsohuwar gidanmu.

"Inna, sannu da hutawa. Aikin 'yarki nake yi. Ki ɗan ɗaga hannu, kada wuta ta taɓa ki."

Na dakata. Babu abin da ya motsa. Na mayar da ƙarfe, na shafe shaidar. Na binne raga, na cike, na goge, na fesa fenti. Har na gama ban sake juya wa motar baya ba.

Da la'asar Hajiya ta dawo. Ta shafa wurin, ta ce ya yi kyau. Sannan ta ga kwalin da ke ƙasa, ta dubi gwiwoyin wandona.

"Ba ka zauna a ciki ba."

"Ban zauna ba, Hajiya."

"Ni ma jakata ba na iya ajiyewa a nan," ta ce. "Malam ya ce mini matattu ba sa dawowa, zuciyata ce. Na yarda da shi. Amma in na taka birki, ina jin ana jan numfashi a gefena." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka gaya mini gaskiya, ka ga wani abu?"

Na gaya mata duka. Da na zo kan yatsan, ta zauna a bencina kamar an tura ta. Ta ce ƙofa ce ta datse shi tun Innar tana budurwa.

Duk da haka ta sayar da motar. Ta yi sadaka, ta sa aka yi wa mahaifiyarta addu'a a masallacin unguwa, ni ma na je.

Bayan wasu watanni motar ta dawo rumfata, an mayar da ita tasi. Direban dattijo ne, mutumin Ewe, yana jin Hausar kasuwa. Mariƙin ƙofar baya ne ya karye. Ina aiki ina satar kallon tabalo. Gyarana yana nan, bai buɗe ba.

"Mota lafiya?" na tambaye shi.

"Inji lafiya," ya ce. "Kujerar gaba ce. Daga unguwar Agoè har cikin gari, mutum zai tsayar da ni, ya kama ƙofa, ya leƙo, sai ya ce pardon, a gafarce shi, ya koma kujerar baya. In kujerar baya ta cika, ya ce in tafi. Na tambayi wata mata dalili, ta ce ai ba za ta matse tsohuwa ba."

Na ajiye abin da ke hannuna, na ba shi labarin tun daga farko. Na zaci zai nemi gidan Hajiya ya mayar mata da motarta. Ya saurara har ƙarshe, yana murza haɓa.

"Tana cutar da mutum?"

"Ni dai ba ta cuce ni ba."

"To," in ji shi. "Gudu ne ba ta so. Na lura."

Na gama ɗaura mariƙin. Ya gwada, ya yi godiya. Kafin ya shiga mazauninsa sai ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya duba ƙasan ƙofar gaba kamar mai tsoron kama bakin zane, ya tura ta a hankali har ta rufu. Ya tada mota ya hau titi, zemijan suna ta wuce shi suna masa hon.