Bagaruwar da na zuba wa tarazo

A ƙauyenmu, can gefen Galma, in anka ce daɓe to ni ake nufi. Ban taɓa zama lakkol, makarantar boko, ba, amma tun ina budurwa hannuna ya san ƙasa. In za a kai amarya, ko an gina sabon ɗaki, ni ake fara aika wa goro. Ni ke zaɓen tsakuwa a gindin dutse, ni ke cewa ruwa ya isa ko a ƙara. Sai mu jeru a kan gwiwa, mata goma ko fiye, kowacce da madaɓinta, muna bugu muna waƙa har ƙasa ta kwanta. Daga ƙarshe in kawo ruwan bagaruwa da na jiƙa kwana biyu, in yayyafa, a sake bugu, a sake yayyafawa. In ya bushe sai ka ga ɗaki ya yi duhu-duhu shina sheƙi kamar hanta. Duk wadda ta yi daɓe babu bagaruwa, mukan ce wasan ƙasa ta yi. Kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa cewa ga ɗakin da ya ɓaci a hannuna ba.

Tarazo kuwa a Madawa na fara ganinshi, gidan ƙanwar maigidana, ina goyon fari. Na shiga falo, na ga ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe a kwance cikin siminti, sumul, ko'ina daidai. Na durƙusa na shafa, na ce a raina: ashe mutanen birni ma daɓe suke yi, sun dai samu abin gogewa ne. Na koma gidan bayan na yi jikoki. Ƙofofi sun tsufa, fenti ya ɓare, masu gidan sun yi furfura, amma ƙasan nan tana nan kamar jiya anka yi ta.

Shi ya sa, da ɗana na fari, wanda ke ci-rani a Abijan, ya gina mini ɗakin siminti ya ce za a sa karo, wato tayil, na ce a'a.

"Inna, karo ake yayi yanzu," in ji shi ta waya. "Kowa shi yake sawa."

"Na ga yayin," na ce. "Ba ga shi can ɗakin taubashiyata ba? Taɓarya ta faɗi sau ɗaya, uku sunka tsage. Ita kanta ran wani bikin suna, santsi ya kwashe ta da ƙwaryar fura, ƙafa sama, gaban surukai. Tarazo nike so."

Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya ce, "To, ke kinka zaɓa. Ina nan tahe da Sallah, in ga abin da kinka yi."

Taubashiyar tawa, ɗiyar kawuna ce, gidanmu katanga ɗaya. Tun muna tallar gyaɗa muke tsokanar juna. Da ta ji labari sai ta leƙo ta kan katanga.

"Ke tsohuwa, an ba ki madubi kin ce tsakuwa kike so? Wanda ya saba da ƙasa dai!"

"Ki tai ki gyara ƙugunki tukuna," na ce mata.

Anka samo wani magini daga Buza, dattijo mai gajeren gemu, wanda ya koyi aikin a Sakkwato. Ya zo da buhunan farin dutse da baƙi, farfasasshe. Ni kuwa ina da wata ƙwarya cike da jajayen tsakuwa da na ɗebo daga tuddan Keita, garin uwata, na ajiye don daɓen da ban samu yi ba. Na ce a zuba su. Ya ɗauki ɗaya ya buga da guduma, ya ga ba ta marmashe ba, ya ce, "Inna, kin san dutse." Na ce mishi tun ba a haife shi ba.

Ya ja layuka da wasu siraran robobi, ya raba ɗakin gida-gida, ya kwaɓa, ya zuba, ya daddanna. Da ya gama na duba. Toka-toka, kaushi-kaushi, ko dutse ɗaya ba a gani. Ya ce kar in damu, kyawun na ciki, sai an goge da mashin. Zai koma Buza ya ɗauko mashin ɗin da gurub mai ba da wuta.

"Kwana bakwai, Inna. A ba shi ruwa safe da marece. Ruwa kawai."

Kwana biyu na bi maganarshi. Ran na ukku ina zaune bakin ƙofa ina kallon tokar nan, abin ya dame ni. Ruwa kawai? Ɗakina, ni da na zuba wa ɗakin kowace amarya ta garin ga bagaruwa, nawa a bar shi da ruwan rijiya tsura? Na ce namiji ne, siminti ya sani, bai san sirrin ƙasa ba. Na tashi na daka bagaruwa, ba kaɗan ba, na jiƙa a tulu.

Surukata, matar ɗan nawa, yarinya mai kunya, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Inna, ai cewa ya yi ruwa kawai."

"Ɗiyata, ɗakin da kinka kwana ran aurenki wa ya daɓe shi?"

Ta koma gefe ta ba ni hanya. Na zuba, lungu-lungu, har na ƙara. Washegari na sake.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai salati. Ba launin hanta ba, ba sheƙi. Baƙi ƙirin, wani wuri shuɗi-shuɗi, dabbare-dabbare kamar bayan tsohuwar tukunya. Na kawo ruwa da tsintsiya na dirza, na sa toka, na sa sabulu. Ko gezau.

Kafin azahar taubashiyata ta gama gari da labari. Mata sunka riƙa zuwa wai aron rariya, wai gaisuwa, kowacce sai ta miƙa wuya ta leƙa. Ita kuwa ta kafa kujera a tsakar gidana.

"Ku zo ku ga tarazon uwar daɓe! Marina ta buɗe, mai zane ya kawo a rina mishi!"

Na mayar mata, don bakina bai mutu ba, amma a ciki na ji ciwo. Tuwo ma ranar kaɗan na taɓa. Aikin kowa na gyara, nawa na ɓata da hannuna, ga ɗana tafe da Sallah, kuma ni na hana shi sa karonshi.

Ran na bakwai magini ya iso da mashin a kan amalanke. Ya tsaya bakin ƙofa, ya cire hula, ya sosa kai.

"Inna, mi na ce a ba shi?"

"Ruwa."

"Wanga fa?"

"Ruwa ne. Da bagaruwa kaɗan a ciki."

Ya sunkuya ya shinshina, sai ya zauna daɓas a dokin ƙofa shina dariya har da hawaye. "Kin jeme mini siminti kamar fatar akuya! Tunda nike aikin ga ban taɓa gani ba."

Na ce ya bar dariya ya gaya mini gaskiya. Ya ce shi ma bai san inda baƙin ya kai ba. In a sama ya tsaya, mashin zai cinye shi. In ya ratsa ciki, sai haƙuri.

Anka tada gurub. Ƙara ta cika unguwa, kaji sunka watse, mata sunka cika tsakar gida, taubashiyata a gaba. Mashin na juyawa, surukata na zuba ruwa, wani baƙin taɓo na malala waje. Ba a ganin komai sai caɓi. Ni dai ina riƙe da ƙyaure, bakina na motsi. Da ya gama gida ɗaya ya kashe, ya karɓi bokiti ya watsa.

Sai ga su. Farare, baƙaƙe, da jajayen tsakuwana na Keita a tsakani, kowace an yanke ta sumul tana ƙyalli cikin ruwa. Wata ta rangaɗa guɗa. Ni ma ban san sa'ad da na shiga na taka rawa cikin taɓon ba, da tsufana.

Kwana biyu ya yi shina gogewa. Baƙin ya tafi duka, sai a lungun bayan ƙofa inda ruwan bagaruwar ya kwanta. Nan ya bar wani ja-ja mai duhu, faɗin faifai. Magini ya ce bari ya ƙara ci da mashin. Na ce ya bar mini shi, wannan launin daɓenmu ne.

Ɗana ya zo da Sallah, ya tuɓe takalmi, ya zagaya ɗakin, ya ce, "Inna, kin fi ni ido." Labarin bagaruwa kuwa tun a tasha anka ba shi.

Yau damina tara ke nan. An daka a kanshi, garwashi ya faɗo, jikoki sun ja kujerun ƙarfe, akuya ta taɓa haihuwa a kai. Tsumma da ruwa, shi ke nan ya dawo sabo. Gara ta nemi hanya ta rasa. In bazara ta yi zafi, ɗakina ne majalisar tsofaffi, kowacce ta shimfiɗa bayanta a ƙasa ba tabarma, don sanyi. Wadda ta fi kowa daɗewa kwance ita ce taubashiyata.

Bara karonta ya gama ɓarewa, ƴaƴanta sunka ce za su gyara mata da tarazo. Da safe sai ga ta da goro biyu a bakin zane, ta ajiye gabana tana kallon gefe.

"An ce ke za ki zaɓa mini dutse," ta ce. "Kuma ke za ki ba shi ruwa, ni ƙuguna ba ya bari."

Na ɗauki goron na ɓare. "Sai ran da kike so."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Amma tulun bagaruwar nan, a wurina zai kwana har a goge, kar ki jeme mini nawa."