Tekun da Na Ƙwace wa Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Audu mai haƙar rijiya. Duk shekara 'yan'uwana kan tuna da haƙurinsa da barkwancinsa. Ni kuwa abin da ke fara zuwa mini shi ne wani faifan bidiyo, da yatsana a kan rimot.

Baba ya yi shekara arba'in yana neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa, daga ƙauyukan Zango har bakin iyaka. Da gaba yake auna zurfin komai, wato faɗin hannuwansa biyu in ya ware su. Da ɓarin jikinsa ya shanye, muka kai masa talabijin ɗakinsa. Wani maƙwabcinmu mai zuwa fatauci Kongolam, can bakin iyaka, ya kawo masa faifan wani fim na 'yan fashin teku. Kofi ne na banza. Hoton dishi-dishi kamar ana leƙe ta gidan sauro, maganar kuma da Faransanci, wanda duk gidanmu babu mai ji.

Baba bai damu ba, don ba labarin yake kallo ba, ruwan yake kallo. Ya raɗa wa shugaban 'yan fashin suna Sarkin Ɓarayi, sauran kuma duk "yaran nan" ne. In an kawo wuta bayan la'asar sai ya ce a sa masa tekunsa. Ya kan tambaye ni, "Kai ɗan boko, wannan ruwa gaba nawa igiya za ta ci kafin ta taɓa ƙasa?" Ni kuma in yi dariya in wuce.

Abin da ya fara ba ni kunya shi ne wurin da guguwa ke kifar da jirgi. Duk lokacin da aka zo nan, sai Baba ya yi salati, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi wa waɗanda suka nutse addu'a. Har ya sa Inna tana toya waina duk Juma'a ana rabarwa sadaka dominsu. Wata rana abokan aikina malaman makaranta suka zo duba shi, ya ce su taya shi yi wa bayin Allah nan addu'a. Suka shafa, amma muna fita zaure suka kece da dariya. Aka yi mako guda ana tsokanata a ofis.

Ina so in faɗi gaskiya a nan, don na daɗe ina yi wa kaina ƙarya. Na sha cewa don in faranta masa rai na sayo masa faifan asali daga Kano. Ba haka ba ne. Na san na asalin faifai biyu ne a kwali ɗaya, na kuma san abin da ke cikin na biyun.

Na farkon kam ya yi kyau. Hoto garau, har ana ganin zaren igiyoyin jirgi da gumin fuskokin mutane. Na haɗa masa lasifika biyu, ƙugin ruwa ya cika ɗakin har Inna ta leƙo ta ga ko hadari ne ya taso. Baba ya yi ta murmushi, yana cewa ashe ruwan shuɗi ne, shi da ya ɗauka toka-toka ne. Da na tsaya a nan, da na yi abin kirki guda a rayuwata.

Sai na sa na biyun, wanda ake nuna yadda aka shirya fim ɗin. Ga jirgin nan rabi ne kawai, a kan ƙarafa, cikin wata ƙatuwar rumfa. Bayansa an rataya koren ƙyalle. Guguwar manyan fankoki ne, tsawar kuma wani mutum ne ke girgiza fallen kwano a gaban makirfo. Waɗanda suka nutse ga su nan suna fitowa ana miƙa musu tawul da shayi. Ni kuma ina gefe ina ta bayani kamar a aji, ina jin daɗin kaina.

Baba yana ta kallo har aka nuno wani ma'aikaci tsaye a tsakiyar tekun, ruwa iya ƙirjinsa. Ya dube shi da idon mai sana'a, ya ce, "Ko gaba guda bai kai ba." Can kuma ya ce, "To, alhamdu lillahi tunda suna raye. Kashe."

Bai sake cewa a sa masa ba. In an kawo wuta sai ya juya fuskarsa bango. Juma'ar da ta biyo baya Inna ba ta jiƙa shinkafar waina ba. Ana saura 'yan makonni ya rasu, ina gyara masa matashi, ya tambaye ni, "Shi tekun, akwai shi kuwa?" Na ce akwai mana, Baba. Ya ce, "Kai ka gan shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Sai bayan sadakar arba'in Inna ta ba ni labarin Ilu, abokin haƙar Baba tun suna samari. Rijiya ce ta rufta da shi a wani ƙauye wajen Mai'adua, ruwa ya ɓalle a kansa, Baba na sama riƙe da igiya. Kwana biyu suna tono ba su kai gare shi ba, dole aka cike ramin. Ba wanka, ba likkafani. Inna ta ce, "Kai kana ganin mahaifinka bai da wayo ne? Waɗancan na cikin ruwa su ma ba su da kabari, shi ya sa." Ban taɓa tambayarsa dalili ba, ko sau ɗaya. Ina ta sauri in gyara shi.

Yau babu mai sayen faifai a Daura, shagunan sun koma cajin waya. Hotunan da na'ura ke ƙirƙira sun cika wayoyinmu, kowa ya ga abu sai ya fara tambaya ko na gaske ne. Na kan yi tunanin me Baba zai ce. Ina jin zai ce mun yi wayo ƙwarai, sa'an nan ya tambaya ko akwai wanda muke yi wa addu'a a cikin duk mutanen da muke gani suna mutuwa a waya muna wucewa.

Rijiyoyinsa da yawa an rufe su tun zuwan burtsatse, amma akwai guda a bayan gari da makiyaya ke shayar da shanu har gobe. Wainar Juma'a kuma na dawo da ita, matata ke toyawa, da sunan Ilu da na Baba. Ban ce wannan ya wanke ni ba.

Bara aiki ya kai ni Legas, na je bakin teku. Akwai shi, Baba. Ba shi da ƙarshe, kuma babu igiyar da za ta taɓa ƙasansa. Na kira Inna, na ɗaga wayar sama don ta ji ƙugin ruwan. Ta saurara, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, ba ni ya kamata ka kira ba."

Allah Ya jiƙan Malam Audu, Ya jiƙan Ilu, ni kuma Ya yafe mini.