Kwalaben Gindin Randa

Kwana bakwai da rasuwar Baba, na mayar da kwalabe huɗu na allurar ciwon sugarsa kemis ɗin bakin kasuwa, don a ba mu kuɗinmu. Ko buɗe su ba a yi ba. Sanyi maganin yake so, mu kuwa ba firji, shi ya sa Inna ta binne su cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Danshi ya cinye takardun jikinsu.

Mai kemis ya ɗaga ɗaya ya girgiza. "Malam, ina na san ba ruwan rijiyar Kusugu ka ɗura ba? Wataƙila ma shi kuka yi ta tsira wa tsohon."

Ban san lokacin da na tsallake kanta ba. Na shaƙe shi, na dinga buga bakinsa da katako har jini ya wanke kwalayen magani, haƙora biyu suka faɗo. Da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare ni.

Lokacin shari'ar Musulunci na kan ganiyarta, aka kai ni kotu. Alƙali ya tambaye shi, ƙisasi ko diyya? Ya zaɓi diyya, aka sayar da bijimin huɗarmu.

Har yau in na wuce yakan yi mini murmushi, in tsaya ina kallon giɓin da ya haɗiye bijimin Baba.