Ginshiƙin da Ya Rasa Mai Karanta Shi

Mun tashi daga unguwar Ulaisha ta Riyadh ana idar da sallar asuba, ni da kafilina, wato maigidan da nake yi wa aiki, da mahaifinsa, wanda za a duba wa gwiwa a Delhi. Aikina tura keken tsoho. Amma ina ɗauke da wani saƙon. 'Yata, haifaffiyar Riyadh, ta karanta cewa wani sarkin Indiya, sama da shekaru dubu biyu da suka wuce, ya sa an sassaƙa dokokinsa a jikin ginshiƙan dutse, kuma da su ake sanin tarihin daularsa. Ta ce in ɗauko mata hoto. Da Larabci ta faɗa. Na amsa da Hausa, sai ta ce, "Baba, ma fahimt," wato ba ta gane ba. Wannan abu ya daɗe yana cin raina.

Delhi garin hon ne, kowa hannunsa na kai. A-daidaita-sahu kuwa har sun fi na Kano rashin kunya. Shayinsu araha, ga citta. Abinci kuma, ni da nake cika baki da cin yaji, a lomar farko na nemi ruwa.

Asibiti ya cinye kwanakin, kullum na nemi izinin fita sai kafili ya ce "bukra", wato gobe. Ranar jajibirin komawa na dage, ya bar ni. Direban a-daidaita ya kai ni wani tsohon kangon fada, muka hau tsani ina haki. Ga ginshiƙin nan sumul, rubutu jere reras. Na fara bin layi da ido daga dama kamar ajami, mai yi wa baƙi bayani ya ce daga hagu ake farawa. Na ce wa direban ya karanta mini, ai rubutunsu ne. Ko harafi ɗaya bai sani ba.

Mai bayanin ya ce sunan rubutun Brahmi. Sarkin ya ba da labarin rijiyoyin da ya haƙa da itatuwan da ya shuka a hanyoyi, kuma a dutse ya sa don saƙon ya kai ga jikoki. Dutse ya tsaya, amma jikokin suka manta karatun. Ƙarnoni aka yi ana kallonsa kamar ado, kafin masana su warware shi. Nan na tuna 'yata da Hausar da ba ta ji.

Da muka sauka Riyadh na biya kasuwar Batha na sayi littafin rubutu da biro. Ina shiga gida ta tare ni da Larabci, tana miƙo hannu ga wayata. Na mayar da ita aljihu.

"Da Hausa za ki tambaya."

Ta kalli uwarta, uwar ta kau da kai. Can ta ce, "Baba... ni so gani."

"Ina son in gani," na gyara mata. "Sake faɗa, sannan ki ɗauko biro."