Ranar da Yaya ya ce in wuce gaba

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka ce za su mai da mulki ga farar hula, aka sanar da zaɓen raba gardama a kan sabon kundin tsarin mulki. Ni kuwa a lokacin wata bakwai ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci a nan Gaya, da furfura a gemuna. Matata har dariya take yi in na ɗauki allo da alli. "Malam, a gaida mushe," in ji ta, tana nufin malamin ajinmu, "kar dai a yi barci a aji."

A gidanmu ba a zaɓe da kai biyu. Tun rasuwar mahaifinmu, yayana ne ke tara mu bayan la'asar ya nuna mana kalar takardar da za mu jefa, mu bi. Haka muka yi a raba gardamar da ta gabata, sai daga baya na ji a rediyo cewa abin da na jefa shi ne na yarda a zarce da mulki. Ban so haka ba, amma yatsana ya riga ya so.

Wannan karon Yaya ya dawo daga kasuwar Malanbil da wani labari. Wai duk wanda ya dangwala yatsa ya sa hannu ke nan gwamnati ta karɓi gonar da ba ta da takarda. Fadamar shinkafarmu ta bakin kogi kuwa ba ta da ko guntun takarda. Ya ce ba mai fita ranar zaɓe, mu da matanmu duka.

Na je wurin mushenmu na tambaye shi. Sai ya miƙo mini ɗan littafin da aka fassara kundin da Hausa, ya ce, "Baba, ai yanzu kana da ido."

Kwana tara na yi a kansa. Ana yankan shinkafa, ni ina gindin mangwaro lokacin hutu, ina bin baƙi da yatsa ina harhaɗawa. Wani layin sai na maimaita sau biyar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na durƙusa gaban Yaya. Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri, zan karanta maka abu biyu."

"To, ɗan lakwal ya zo," ya ce, don haka muke kiran makarantar boko. "Karanta mana, gwamna."

Na karanta wurin da ya nuna ba a ƙwace wa mutum dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya. Na juya zuwa wurin da ya ce shugaban ƙasa ba ya wuce wa'adi biyu. Yaya ya ce, "Kai da kanka ka ga wannan, ko faɗa maka aka yi?"

"Da idona, Yaya."

"Sake karanta na gonar."

Na sake. Ya tashi ya shige ɗakinsa.

Ranar zaɓe da safe sai ga shi cikin babbar rigarsa, matan gida a bayansa. A bakin ƙofar lakwal, inda ake zaɓen, ya ja ya tsaya, ya dube ni. Mutumin da tun muna yara ban taɓa shiga gabansa ba ya ce, "Wuce mana. Mai karatu ke gaba."

Na shiga, na nemo sunana a jerin da kaina kafin ma'aikacin ya gano shi. Ya turo mini tawadar dangwala yatsa, na ce, "Ɗana, ba ni bik, da alƙalami zan sa hannu." Sunan ya fito a karkace kamar hanyar shanu, amma nawa ne.

An yi juye-juye da yawa a ƙasar nan tun daga lokacin, wasu sun yi daɗi, wasu ba su yi ba. Fadamarmu tana nan, bana ma mun yanka. Yaya ya tsufa, amma har yau in aka kawo wata takarda gida ba ya buɗewa. Sai ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "A kira mini gwamna."