Ba a Kawo Gawar Babana Ba

Duk lokacin da na bi ta fadama na ji ƙaurin baƙin man injin ban-ruwa, Baffa nake tunawa, yayan babana. Warin nan bai taɓa barin rigarsa ba.

Gidanmu a Haɗeja gidan masunta ne, kuma an san mu da abu guda. In kogi ya ci mutum da damina, mu ake turo wa. Mazan gidan su yi ta nutso har sai sun tsamo shi, a yi masa sutura. Kakata tana alfahari da cewa ba mu taɓa bar wa ruwa gawa ba.

Da yaƙi ya tashi, Baffa da babana suka shiga sojan ruwa, ina cikin uwata ba a haife ni ba. Baffa kaɗai ya dawo.

Mu yara yakan tara a gindin tsamiya ya ba mu tarihin jirginsu kamar mai karanto asalin gidan sarauta. Turawa ne suka ƙera shi, suka ci amfaninsa, sannan aka sayo. Ya raka jiragen kaya, ya tsare bakin teku, ya yi wa gaɓa ruwan wuta. Ku ji ikon Allah, duk wannan Baffa bai gani da idonsa ba, yana can ƙasa a ɗakin inji yana zufa. In ya zo kan ranar da harsashi ya fasa gefen jirgin, sai ya ce mu tashi, an kusa kiran salla.

Daga bakin Kaka na ji sauran. A ranar ce babana ya rasu, jirgi kuma ba ya juyawa gaɓa saboda mutum ɗaya. Aka naɗe shi a tamfol, aka ɗaura masa ƙarfe, aka sake shi cikin teku. Baffa na cikin waɗanda suka riƙe shi.

Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya gaishe ta. Ba ta amsawa. Na tsani shirun nan, don na ga yadda yake cin dattijo mai furfura.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta yafe wa kowa, har maƙwabciyar da suka shekara suna gaba. Baffa ya matso.

"Iya, ki yafe mini. Umarni aka ba mu."

"Ɗan wasu ka tsamo wa uwarsa," in ji ta. "Nawa kuma ka ba ruwa da hannunka."

Ta juya fuskarta bango. Shi ya haƙa mata kabari.

Jirgin, na ji daga baya an yanka shi an sayar wa masu tsohon ƙarfe. Kogin ma ciyawar kacalla ta shaƙe shi, masu nutso a gidanmu sun ƙare. Kwanan baya jikata ta buɗe mini taswira a waya, ta ce in nuna mata inda babana yake kwance. Na ɗaga yatsa a kan shuɗin nan mai faɗi, na rasa inda zan ajiye shi.